Daga ido zuwa hannu: yaya likita ke koyon tiyata ta kallon na gaba da shi?

Da zarar an ce za a yi wa mutum tiyata a asibitin koyarwa, tambayar da ke fara fitowa daga bakin danginsa ita ce: wa zai riƙe wuƙar? Babban likita ne da kansa, ko kuwa a jikin ɗan'uwanmu za a koya wa wani aiki? Tambaya ce mai tushe. Duk likitan tiyatar da ake ji da shi a yau yana da ranar da ya fara tsaga fatar mutum, kuma kafin wannan rana babban abin da ya yi shi ne kallo. To shin kallo yana koya wa hannu aiki? Idan yana koyarwa, a ina ƙarfinsa ya tsaya?

Maganar ta ƙara tasowa ne saboda bidiyon tiyata ya cika intanet. Duk mai waya zai iya zama ya kalli yadda ake cire matsarmama daga farko har ƙarshe. Wasu sun ɗauka tunda ana iya kallon aikin sau ɗari, koyonsa ya zo da sauƙi. Wasu kuma suna ganin tsayuwar sa'o'i da matashin likita ke yi a gefen malaminsa ɓata lokaci ce, gara a miƙa masa wuƙa ya koya da hannunsa. Binciken da aka tara cikin shekaru talatin ɗin nan bai ba ko ɗaya daga cikinsu gaskiya ba.

Wane ne mai koyo a ɗakin tiyata?

Abin da aka fi rikitawa shi ne ɗaukar mai koyon tiyata a matsayin ɗalibin jami'a. Likita ne da ya gama makarantar likitanci, sannan ya sake shiga horo na shekaru domin ya ƙware a fiɗa. A Amurka, misali, horon tiyata ta gama-gari shekara 5 ne, kuma ana bukatar likita ya yi manyan ayyuka aƙalla 850 kafin a sallame shi. Ɗaliban jami'a ma suna shiga ɗakin, amma yawanci nasu kallo ne da ƙananan hidimomi.

Shi kansa kallon hawa-hawa ne. Sabon shiga yakan tsaya a gefe, hannu a naɗe don kada ya taɓa ƙyallen da aka tsarkake, yana leƙe ta saman kafaɗar wani. Daga nan a ce ya wanke hannu, ya sa riga da safar hannu, a miƙa masa ƙarfen da ake ja don buɗe rauni. Zai iya riƙe wannan ƙarfe sa'a biyu kafaɗarsa na zogi, kuma sau da yawa shi da ke buɗe wurin ba ya ganin cikinsa, domin an tsayar da shi ne ta inda malamin zai gani. Bayan wani lokaci sai ya koma gaban malamin ya zama mataimaki na farko. A nan kallon ke fara shiga jiki. Shi ke tsotse jini da na'ura, shi ke yanke zare bayan kowane ƙulli, shi ke ɗaga nama ya ja shi daidai yadda almakashin malamin zai samu hanya. Mataimakin kirki yana gane abin da za a yi tun kafin a faɗa. Ranar da malamin ya lura hannun matashin yana riga umarninsa isa wurin, ya san lokacin musayar wuri ya matso.

Inda tsarin ya samo asali

Koyon fiɗa ta bin gwani ya daɗe. Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013, ya keɓe kashi na ƙarshe cikin kashi 30 na littafinsa At-Tasrif ga tiyata, ya zana kayan aiki kusan 200 domin wanda bai gan su a hannunsa ba ya gan su a takarda. A Indiya, rubuce-rubucen da ake dangantawa da Sushruta sun umarci ɗalibi ya gwada yanka a jikin kayan lambu, ɗinki kuma a jikin ƙyalle da fata, kafin ya kusanci mutum. A Turai an riƙa gina ɗakunan tiyata da benaye hawa-hawa kewaye da teburin, ɗalibai su cika su suna leƙowa daga sama. Akwai irinsa guda na shekarar 1822 da ya saura a Landan har yau.

Tsarin da yawancin duniya ke bi yanzu ya kafu ne a hannun William Halsted a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, wanda aka buɗe a 1889. Halsted ya ga yadda ake horo a Jamus da Austriya, ya dawo ya tsara cewa matashin likita zai zauna a asibiti, a riƙa ƙara masa nauyi kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da ya nuna ya iya. Gare shi ake jingina shahararriyar maganar nan ta likitocin tiyata: ka ga ɗaya, ka yi ɗaya, ka koyar da ɗaya. Wannan magana ta yi ɓarna, domin an ɗauke ta a zahirinta. Wanda ya kai matakin babban mataimaki a wurin Halsted sai ya shafe wajen shekara 8 a ƙarƙashinsa. Abin da ya gani kafin a sakar masa aiki ya fi ƙarfin ƙirga.

Me ke faruwa a ƙwaƙwalwar mai kallo?

A farkon shekarun 1990, masu bincike a birnin Parma na Italiya, ƙarƙashin Giacomo Rizzolatti, suna auna ƙwayoyin ƙwaƙwalwar biri da ke aiki lokacin da ya miƙa hannu ya ɗauki abu. Sai suka lura wasu daga cikin ƙwayoyin suna tashi ko da birin bai motsa ba, muddin yana kallon mutum yana ɗaukar abin. Suka kira su ƙwayoyin madubi. An zuzuta wannan bincike fiye da kima, har aka riƙa jingina masa abubuwan da bai tabbatar ba. Amma ginshiƙinsa ya tsaya: sashen ƙwaƙwalwa da ke tsara motsi ba ya zaman banza lokacin da mutum ke kallon motsin wani.

Gwajin da ya fi kusa da maganarmu shi ne na Andrew Mattar da Paul Gribble a Kanada, a 2005. Sun yi amfani da wani hannun na'ura da ke ture hannun mutum gefe duk lokacin da ya yi ƙoƙarin miƙa shi. Suka nuna wa mutane bidiyon wani yana fama da na'urar, yana kuskure yana gyarawa har ya saba. Da aka ba masu kallon na'urar, waɗanda suka ga an koyi turi ta ɓangaren da su ma za a ture su sun fi waɗanda ba su kalli komai ba. Waɗanda suka kalli turi ta ɗaya ɓangaren kuwa sun fi kowa shan wahala, domin ƙwaƙwalwarsu ta riga ta shirya wa abin da ba shi ba. Akwai ƙarin abin lura: da aka sa masu kallon yin lissafi a zuci, darasin bai zube ba, amma da aka sa su suna motsa hannunsu ta wata hanya dabam lokacin kallon, sai ya ragu. Ke nan sashen motsi ne ke ɗaukar darasin, ko da mai shi bai sani ba. Wannan ya nuna kallo yana koyarwa da gaske, kuma yana iya koyar da abin da bai dace ba.

A shekarar ce kuma Beatriz Calvo-Merino da abokan aikinta a Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar gwanayen rawar Turawa da ake kira bale da na kafuwera, wani wasan Brazil mai haɗa rawa da faɗa, suna nuna musu bidiyon duka biyun. Ƙwaƙwalwar kowa ta fi tashi idan yana kallon motsin da jikinsa ya riga ya sani. A ganina, nan ne gundarin maganar take. Mutum biyu za su tsaya a gefen tebur ɗaya su kalli aiki ɗaya, amma wanda ya kwana yana ƙulla zare a gida zai ga yadda malamin ya juya wuyan hannu ya kwantar da ƙulli, ɗayan kuwa zai ga an ƙulla ne kawai. Abin da hannu ya taɓa yi shi ke buɗe wa ido.

Abin da ido ba ya ɗauka

Tiyata cike take da abubuwan da ba sa fitowa a gani. Nawa ne ƙarfin da za a ja zare da shi ya riƙe jijiyar jini ba tare da ya yanke ta ba? Yaya hanji mai kumburi yake a yatsa, wanda allura za ta yaga shi idan an ɗinka kamar lafiyayye? Akwai wani siririn tsakani da ke raba nama da nama, wanda idan almakashi ya faɗa cikinsa sai wurin ya buɗe kusan ba jini, idan kuma ya kauce da kaɗan sai jini ya rufe ko'ina. Mai kallo yana ganin sakamakon, amma jin da ya kai malamin ga wannan tsakani yana cikin yatsunsa.

Haɗarin shi ne mai kallo bai san akwai abin da ya rasa ba. Michael Kardas da Ed O'Brien na Jami'ar Chicago sun nuna haka a 2018. Sun sa mutane kallon bidiyon gwani yana jifan ƙananan kibau zuwa allon saiti, wasu sau 1, wasu sau 20. Waɗanda suka kalla sau 20 sun yi hasashen za su ci maki da yawa. Da aka ba su kibau, ba su fi sauran ba. Kallon ya ƙara musu yarda da kai, hannunsu yana nan inda yake. Kamar wanda aka daɗe ana ɗauka a mota a kan wata hanya ne: yana jin ya san ta ciki da waje, sai ranar da aka ba shi sitiyari ya tarar bai san a wace kwana ake rage gudu ba. A wasan jifa wannan ba komai ba ne. A jikin mutum kuwa, yarda da kai da ta riga iyawa ita ce abin tsoro.

Akwai kuma matsala ta ɓangaren malamin. Tun 1967 Paul Fitts da Michael Posner suka bayyana cewa koyon aikin hannu yana bin mataki uku: farko mutum yana tunanin kowane motsi, sannan ya fara haɗa su, daga ƙarshe aikin ya zama jiki, hannu ya riƙa yi ba tare da tunani ba. Gwani yana mataki na uku, shi ya sa ya manta yawancin abin da yake yi. Masu bincike a Jami'ar Kudancin California sun auna wannan, suka tarar ƙwararrun likitocin tiyata suna tsallake kusan kashi 70 cikin 100 na bayanan yanke shawara idan suna koyar da wani aiki. Ba rowa ba ce, su ma ba sa ganinsu kuma. Ga shi abin da ake tsallakewar shi ne mafi nauyi. Likitan tiyata Frank Spencer ya ƙiyasta a 1978 cewa kashi 75 na aiki mai kyau yanke shawara ne, kashi 25 ne kawai iya hannu. Dalilin da ya sa malamin ya dakata a nan, ya canza hanya a can, ya ƙi yanke abin da ke gabansa, duk wannan ba ya fitowa a motsin hannu sai ya buɗe baki ya faɗa.

Darasin matsarmama

Ba abin da ya fito da wannan magana fili kamar zuwan tiyatar kyamara, wadda ake huda ƙananan ramuka a ciki, a zura kyamara da dogayen kayan aiki, likita yana kallon allo. Erich Mühe ya cire matsarmama ta wannan hanya a Jamus a 1985, Philippe Mouret ya yi a Faransa a 1987, kuma cikin 'yan shekaru duniya ta karɓa, domin majinyaci yana tashi da wuri kuma ciwon bai kai na tsaga ciki ba. Manyan likitoci da yawa sun koye ta ne a kwas na kwana biyu ko uku: su kalli gwani, su gwada a jikin dabba, su koma asibitinsu su fara.

Sai raunin babban bututun da ke kai ruwan ɗaci daga hanta zuwa hanji ya ƙaru. Rauni ne mai muni, yana iya jawo wa mutum tiyata bayan tiyata da jinya ta shekaru. Wani nazari da ƙungiyar likitocin kudancin Amurka ta fitar a 1995 ya nuna kashi 90 cikin 100 na waɗannan raunuka sun faru ne cikin ayyuka 30 na farko na likita. Waɗannan mutane ne da suka cire matsarmama sau ɗaruruwa ta tsaga ciki. Sabuwar hanyar ta ƙwace musu abubuwan da suka dogara da su: allo ba ya nuna zurfi, yatsa ba ya taɓa nama, kuma saboda kayan aikin suna juyawa a bakin ramin da aka huda, idan ka kai hannu dama bakin almakashi hagu zai yi.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankali ya fito ne a 2003, lokacin da Lawrence Way da abokan aikinsa suka bi diddigin irin wannan rauni guda 252. A kashi 97 cikin 100, tushen kuskuren gani ne. Gazawar hannu kashi 3 ce kacal. Ga yadda abin yake: matsarmama tana haɗe da babban bututun ta wani ƙaramin bututu, kuma ƙaramin ake son a matse a yanke. Idan an ja matsarmama ta wata fuska, sai babban bututun ya miƙe ya jeru da ita, ya yi kama da ƙaramin sak. Likitan zai matse shi ya yanke da hannu mai kyau, da cikakkiyar natsuwa, yana da yaƙinin daidai yake yi. Sau da yawa ma ba a gane ba sai bayan an rufe. Don kauce wa irin wannan kuskure ne likita Steven Strasberg ya kawo wata ƙa'ida tun a 1995: kada a yanke komai sai an share kitsen wurin, an raba gindin matsarmama da hanta, an ga abu biyu kacal suna shiga cikinta, wato ƙaramin bututun da jijiyar jininta.

Wannan ya ba kallo wata daraja da ba a cika ba shi ba. Idan mafi yawan irin wannan kuskure na ido ne, to ido yana bukatar nasa horon, kuma kallo mai yawa shi ke yin sa. Jikin mutane ba iri ɗaya ba ne. Bututun wani gajere ne, jijiyar wani ta biyo ta inda ba a zata ba. Matashin da ya ga ciki ɗari uku yana da taskar siffofi a kansa da zai gwada na gabansa da su. Nazarin motsin ido ma ya nuna bambancin: gwani yana kafe idonsa a kan wurin da yake nufi, sabon shiga kuwa idonsa yana yawo tsakanin bakin kayan aikinsa da wurin. Masu bincike a Exeter ta Ingila sun gwada koya wa sababbi inda za su ajiye ido, suka tarar sun fi saurin iyawa a kan waɗanda aka koya wa yadda za su motsa hannu.

Yadda ake mayar da kallo darasi

Daga duk wannan, masu horo sun fitar da hanyoyi. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce ta Rodney Peyton, ta 1998. Malami zai yi aikin da saurinsa na kullum ba magana. Sai ya sake yi a hankali yana bayyana kowane mataki. A karo na uku ɗalibin ne zai riƙa faɗin abin da za a yi, malamin yana aiwatarwa. Sai a na huɗu ɗalibin ya karɓa. Mataki na ukun shi ne mai amfanin, domin a nan ake kama wanda ya yi kallo bai gani ba, tun hannunsa bai taɓa komai ba.

An kuma gano cewa kallon gwani kaɗai bai wadatar ba. Aikin gwani sumul yake, ba ya nuna inda ramukan suke. Kallon sabon shiga yana kuskure, muddin an nuna wa mai kallon cewa kuskure ne da kuma dalilinsa, yana koya masa gane ɓata hanya tun da wuri. Haɗa biyun ya fi kowanne shi kaɗai a gwaje-gwaje da dama na koyon motsi.

Sai gwaji kafin a je ga mutum, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A 2002, a Jami'ar Yale, an raba likitoci masu koyo 16 gida biyu, rabi aka horar da su a na'urar kwaikwayon tiyata ta kwamfuta. Da suka zo cire matsarmama a jikin majinyata ƙarƙashin kulawa, waɗanda suka yi gwajin sun fi sauri da kashi 29 cikin 100, kuma kuskuren sauran ya ninka nasu kusan sau 6. A Toronto, a 2006, Carol-Anne Moulton ta nuna cewa masu koyon ɗinkin ƙananan jijiyoyin jini da aka rarraba musu darasi mako-mako har mako 4 sun fi riƙe aikin a kan waɗanda aka ɗura musu shi duka rana ɗaya. Ba sai da na'ura mai tsada ba. Akwati da kyamara da zare suna koyar da abu mai yawa.

A cikin ɗakin tiyata kuma ana sakin aiki ne mataki-mataki. Wani ma'auni da ake amfani da shi a Amurka, mai ɗauke da sunan likita Jay Zwischenberger, ya kasa shi huɗu: malami yana yi yana nunawa, sai ɗalibi yana yi malami yana jan ragama, sai ɗalibi yana jan ragama malami yana taimaka masa kawai, daga ƙarshe malami yana tsaye yana sa ido. Likita ɗaya zai iya kasancewa a mataki na huɗu a aikin ƙaba, amma a na farko a aikin hanta.

Kallo ya yi arha, taɓawa ta yi wuya

Damuwar masu horo a yau ita ce ma'aunin ya karkata. An rage sa'o'in aikin masu koyo domin gajiyayyen likita haɗari ne: Amurka ta sa iyakar sa'a 80 a mako a 2003, Birtaniya ta sauko zuwa 48 a 2009 bisa dokar Tarayyar Turai. Gyara ne da ya dace, amma ya rage lokacin da matashi ke yi a gefen tebur. Asibitoci kuma suna son a gama aiki da wuri, malamai suna tsoron shari'a, don haka suna riƙe wuƙar fiye da da. A wani bincike na 2013, shugabannin shirye-shiryen ƙarin ƙwarewa a Arewacin Amurka sun ce kusan kashi 30 cikin 100 na sababbin da suka zo musu bayan gama horo ba za su iya cire matsarmama su kaɗai ba.

Tiyata da mutum-mutumi ta ƙara tsananta abin. A na'urar da Vinci, wadda hukumomin Amurka suka amince da ita a 2000, likita yana zaune ne a wata kujera yana sarrafa hannuwan na'urar. A tiyatar tsaga ciki malami ba zai iya aiki ba sai da hannun mataimaki, don haka dole ɗalibi ya shiga cikin aikin. A nan kuwa malamin yana iya yin kusan komai shi kaɗai, kuma da danna abu ɗaya zai karɓe aikin daga hannun ɗalibi. Matt Beane, wanda ya bi wannan lamari a asibitoci da dama ya wallafa sakamakonsa a 2019, ya tarar yawancin masu koyo suna gama horo da kallo mai yawa da taɓawa kaɗan. 'Yan tsirarun da suka iya sun yi ne ta bayan fage: sun shafe sa'o'i masu yawa a na'urar gwaji, suna kallon bidiyon aiki suna tsayarwa suna maimaitawa, har malamai suka ga alamar iyawa suka sakar musu.

Bidiyon ma sai da tantancewa. Bincike ya nuna YouTube ne wurin da masu koyo suka fi zuwa kafin aiki. Amma da aka duba bidiyo 10 na cire matsarmama da ke kan gaba a wurin, a wani nazari na 2018, guda 1 ne kawai ya nuna ƙa'idar Strasberg yadda ya kamata. Yawancin abin da ake sakawa an yanke wuraren da aka sha wahala, ga shi kuwa nan darasin yake. Idan muka tuna gwajin Kanada, wanda ya kalli hanyar da ba daidai ba ya fi wanda bai kalli komai ba shiga matsala.

Me wannan ke nufi ga majinyaci?

Masu cewa kada mai koyo ya taɓa majinyaci suna da hujja: mutum ya zo neman lafiya ne, kuma iya hannu yana da tasiri na gaske. John Birkmeyer ya nuna haka a 2013 a jihar Michigan. Likitoci 20 masu tiyatar rage ƙiba suka ba da bidiyon aikinsu, takwarorinsu suka ba su maki ba tare da sanin na wane ne ba. Majinyatan waɗanda suka fi ƙarancin maki sun samu matsala bayan aiki a kashi 14.5 cikin 100, na waɗanda ke sama kuwa kashi 5.2. Yawan shekarun aiki bai bambanta su ba, yawan yin aikin ne ya bambanta su.

Masu ɗaya ra'ayin kuma suna cewa idan ba a bar matashi ya yi aiki malaminsa na tsaye ba, to zai yi na farkonsa ne bayan ya gama horo, ranar da babu kowa a kansa. Ni a nan na fi karkata, domin ranar farko ba ta kaucuwa, zaɓin da ake da shi kawai shi ne ta zo da malami a gefe ko babu. Manyan nazarce-nazarce sun fi nuna cewa sa hannun mai koyo ƙarƙashin kulawa yana ƙara tsawon aiki, amma bai ƙara mace-mace ba. Duniya kuma tana cikin ƙarancin masu wannan aiki. Kwamitin mujallar Lancet kan tiyata ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan 5 ba sa samun tiyata mai aminci da za su iya biya a lokacin da suke bukata, kuma ana bukatar ƙarin ayyuka miliyan 143 duk shekara. Ba za a cike wannan giɓi da masu kallo ba.

Majinyaci yana da haƙƙin sanin wanda zai yi masa aiki, kuma tambaya ba rashin ladabi ba ce. Wanda ake shirin yi wa tiyata, ko danginsa, zai iya tambayar sunan babban likitan da alhakin aikin ke wuyansa, ko zai kasance a cikin ɗakin, wane sashe mai koyo zai yi, da kuma sau nawa wannan tawaga take yin irin aikin. Idan aka ce matashin zai buɗe ya rufe, babban likita zai yi sashen da ke kusa da jijiya ko bututu, ko kuma matashin zai yi duka malaminsa na tsaye a gabansa, to tsarin yana tafiya yadda aka gina shi. Idan kuwa aka yi ta kewaye-kewaye kan inda babban likitan zai kasance, a sake tambaya kafin a sa hannu a takardar amincewa.